Wasiƙa Daga Brescia: Naman Da Gishiri Ya Raɗa Wa Suna

Kawu, assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ku da su Inna da yaran rumfa, ina kuma fata kasuwa tana garawa. Ni ma lafiya lau nake, sai sanyi da ya fara shigowa. Saƙonku ya iso ni, cewa tunda zama ya kama ni a Italiya in duba muku yadda mutanenta suke adana nama, ko suna da wani abu mai kama da kilishi, da yadda suke sayar da shi. Suna da shi, Kawu, kuma sana'a ce mai girman gaske a wurinsu, har akwai garuruwan da kusan kowane gida da ita yake ci.

Sunan da suke kiran dukkan dangin naman nan shi ne salumi. Za ku ga kalmar a saman ƙofar shago, a jikin motar kaya, a takardar gidan abinci. Tushenta gishiri ne. Gishiri da Italiyanci sale ake ce masa, da Latin kuwa, harshen kakanninsu Rumawa, sal, daga nan aka samu salumen, wato abin da aka zuba wa gishiri don kada ya lalace. A da can har kifi mai gishiri wannan suna yana ɗauka, daga baya ne ya koma na nama kaɗai. Shagon da ake sayarwa shi ne salumeria, mai shagon kuma salumiere. Shi kuwa salame, wanda duniya ta fi sani da salami, iri ɗaya ne kawai a cikin dangin: niƙaƙƙen nama da kitse da gishiri da masoro, a ɗura a hanji, a ɗaure da zare, a rataye. Duk salame salumi ne, amma akwai salumi da yawa da ba a niƙa ba, cinya ce sukutum ko wuya ko ciki.

Na fara da sunan ne saboda akwai haɗari a cikinsa ga Musulmi. Kalmar gishiri kawai ta ambata, ba ta faɗi wace dabba ba. A aikace kuwa mafi yawan salumi naman alade ne, har idan ɗan ƙasar ya ce salumi bai ƙara komai ba, to alade yake nufi. Yaron da ya sauka jiya, ya ga jan nama falle-falle a bayan gilashi mai kama da kilishin da ba a tsoma a labu ba, in babu wanda ya ja kunnensa zai iya saya da zuciya ɗaya.

Dalilin da ya sa gishiri ya zama uban tafiya a wurinsu, yanayin ƙasarsu ne. Mu Allah ya ba mu rana da iskar hunturu, nama in an yanka shi da sirantaka, kafin la'asar ya fara ƙamewa. Su kuwa a lokacin da suke yanka, wato daga Nuwamba zuwa Janairu, rana ba ta da ƙarfi, hazo da danshi ne ko'ina, musamman a nan kwarin kogin Po. Abin da suke da shi sanyi ne da gishiri. Sanyi yana hana naman ruɓewa a makonnin farko, gishiri kuma yana tsotse ruwan da ke cikinsa a hankali, har ya kai matsayin da ƙwayoyin cuta ba za su iya rayuwa a ciki ba. Tsohuwar dabara ce ƙwarai. Wani dattijon Rum mai suna Cato, wanda ya rayu fiye da shekara 150 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta yadda ake yi: a jera cinyoyi a tulu, gishiri a ƙasa, gishiri a tsakani, kada nama ya taɓa nama, bayan kwana 5 a juya na sama su koma ƙasa, bayan kwana 12 a fitar, a kakkaɓe gishirin, a rataye a iska, a shafa mai, a ba su hayaƙi. Har yau akwai tsohuwar hanya da ta fita daga birnin Rum ana ce mata Via Salaria, hanyar gishiri. Da na ji sunan sai na tuna labarin da kuke ba mu na ayarin raƙuman Bilma da Fachi, masu kawo kantu ƙasar Hausa su koma da gero. Mu dai gishirinmu ya tafi miya da bakin dabbobi, nasu ya tafi jikin nama.

Na lura kusan ko'ina ana raɗa wa irin wannan nama suna ne daga abin da aka yi masa. Prosciutto, wato cinyar alade da Italiyawa suka fi alfahari da ita, ma'anar asalinta abin da aka tsane ruwansa sarai. Faransawa suna ce wa dangin duka charcuterie, daga chair cuite, dafaffen nama, kuma tun 1475 masu sana'ar suke da ƙungiyarsu a Paris. Turkawa suna da pastirma, abin da aka danne, don da nauyi ake matse shi. Mu ma haka muke: banda daga bandawa, soye daga suya, tsire daga tsirewa a tsinke.

Bari in kai ku gaban kanta ku ga yadda ake ciniki, don nan ne na fi tsayawa ina kallo. A babban kantin da nake cefane akwai wani dogon akwatin gilashi mai sanyi, an jera nau'o'in nama a ciki, kowanne da ɗan allo a gabansa ɗauke da suna da farashin kilo. Ba a turereniya. Akwai wata 'yar na'ura a gefe, ka ja takarda mai lamba, ka jira lambarka ta fito a allo. Mai sayarwa sanye take da farar riga da hula da safar hannu. Ba a cewa a ba ni na dubu ɗaya kamar yadda ake yi a rumfarku, da awo ake saye, kuma awonsu etto ne, giram 100. Tsohuwa za ta ce a ba ta etto biyu, a yanka da sirantaka. Sai matar ta ɗauki dunƙulen naman ta ɗora a kan injin yanka, wani faifan ƙarfe mai kaifi da ke juyawa, tana tura naman gaba da baya da hannun dama, tana karɓar falle da na hagu. Fallen yakan fito siriri har kana hango yatsunta ta cikinsa. Ta shimfiɗa shi a kan takarda mai santsi, ta jera na biyu ya ɗan hau kan na farko, in layi ya cika ta rufa siririyar leda ta fara wani, don kada su manne. Ta ɗora a sikeli. Kusan kullum yakan ɗan haura, sai ta ɗago kai ta tambaya ko ta bar shi haka, tsohuwar ta ce bar shi. Sikelin da kansa yake fitar da takarda mai nauyi da farashi da kwanan wata, a manna a jikin ƙunshin. Babu tayi, babu albarka, babu gyara, abin da ya haura ma sai ka biya kuɗinsa.

Injin nan wani mahauci ne ɗan Rotterdam ta ƙasar Holan, mai suna van Berkel, ya ƙirƙiro shi a 1898. Yana da kyau, amma aikinsa yanka naman da ya riga ya ƙame ne. Abin da kuke yi da wuƙa, ku ɗauki ɗanyar tsoka ku riƙa warware ta har ta zama falle guda mai faɗin sallaya ba tare da ta huje ba, ban ga injin da yake yin sa ba, ban kuma ga Baturen da ya iya ba. Na nuna wa wani abokin aikina hoton yaranku suna wannan aiki a waya, ya daɗe yana kallo yana tambaya ko da gaske wuƙa ce kawai.

Babban abin da zai ba ku mamaki shi ne yawancin naman nan wuta ba ta taɓa shi ba. Akwai dafaffe a ciki, kamar mortadella ta Bolonya, amma masu tsadar ɗanyu ne, gishiri da iska da lokaci ne kaɗai suka nuna su. Salame ma yakan yi farar fumfuna a bayansa, kuma da gangan ake barin ta, don tana kare shi tana ƙara masa ƙamshi. A wurinmu naman da ya yi fumfuna na zubarwa ne, kilishi kuma komai bushewarsa sai ya hau wuta kafin a miƙa wa mai saye.

Na bi ta Langhirano, wani ƙaramin gari a kudu da Parma, inda ake yin cinyar da ta fi kowace suna. Ba abincinmu ba ne, ba kuma zai taɓa zama ba, amma mai sana'a zai so ya ji tsarinsu. Gine-ginen dogaye ne masu tagogi sirara a jere daga sama har ƙasa, an yi su haka ne don a buɗe iskar tsaunuka ta ratsa ta cikin naman da ke rataye. Gishiri kaɗai doka ta yarda a sa, babu wani sinadari. Bayan watanni sai a shafe gefen da babu fata da kitse, don kada waje ya bushe ya bar ciki da danshi. Yanzu dokarsu ta ce sai cinya ta yi aƙalla wata 14. Ranar dubawa, mai duba yakan zo da wani tsinke da aka fiƙe daga ƙashin doki, ya soka a wurare biyar, kowane suka ya zare ya kai hanci. An zaɓi ƙashin doki ne don yana ɗaukar wari nan take, ya kuma sake shi nan take. In ta yi, sai a ɗora mata hatimin wuta mai siffar kambi. In ba ta yi ba, ba za a sayar da ita da sunan Parma ba, komai asarar mai ita. Masu sana'a 23 ne suka haɗu suka kafa wannan ƙungiya a 1963, su suka ɗora wa kansu dokar kafin hukuma ta shigo, a 1996 kuma Tarayyar Turai ta kare musu sunan. Wannan ya tsaya mini a rai: makwabcinka a sana'a yana da ikon ya hana ka amfani da sunan garinku in kayanka bai kai ba.

Wanda ya shafe mu shi ne bresaola, don na saniya ne. Ana yin sa a Valtellina, wani dogon kwari a lardin Sondrio, arewa da mu, dab da iyakar Suwizalan. Tsokar cinya ake zaɓa, wadda ba kitse ba jijiya, a gyare ta tas ta zama dunƙule guda. A shafe ta da gishiri da masoro da tafarnuwa da ganyayen ƙamshi, a jera a mazubi cikin sanyi kamar mako biyu ana juyawa, a sa ta cikin hanji ko makamancinsa, a ɗaure, a rataye tsakanin mako 4 zuwa 8. In an yanka, ja ce wur kamar zoɓo, da laushi, gefenta ya ɗan yi duhu. Ana shimfiɗa ta a faranti, a ɗiga man zaitun da lemon tsami, a watsa wani ganye mai ɗan ɗaci da ɓarɓashin cuku. Na samu wadda take da shaidar halal na ci. Gaskiya tana da daɗi, ɗanɗanon naman kansa ake ji, da gishiri daidai. Amma ba ta cika baki. Babu tunkuza, babu citta da kanumfari da barkono, babu ƙamshin garwashi, kuma ba a tauna ta a daɗe ana jin daɗin yana fitowa. In za a ajiye mini faranti biyu, kilishin unguwar Agadasawa ta Kano zan ɗauka ba tare da tunani ba. Ga kuma tsada: a nan unguwarmu etto ɗaya yana kaiwa yuro 4 zuwa 5, falle kamar goma ne kawai. Da zarar an yanka kuma sai firji, kwana biyu uku ta fara baƙi tana ƙamewa. Kilishinku kuwa ɗan kasuwa zai sa a jaka ya yi tafiyar wata guda.

Ko bresaolar ma sai an yi hattara, kuma ina so ku faɗa wa duk yaron da ke shirin tahowa. Kasancewarta saniya bai nuna yadda aka yanka ba. Dokar yin ta ta yarda a zuba giyar inabi a cikin kayan haɗi, wasu suna zubawa, wasu ba sa yi, sai ka karanta bayan leda ka nemi kalmar vino. Sannan injin da aka yanka maka ita, shi aka yanka wa wanda ke gabanka alade da shi minti ɗaya da ya wuce. Shi ya sa ni ba na saye a gaban gilashi, sai wadda aka rufe tun daga masana'anta da hatimin halal. Kalmomin da ya kamata yaro ya haddace kafin ya iya gaisuwa ma su ne maiale da suino, duka alade, sai lardo da strutto, kitsensa. Strutto ɗin nan shi ya fi wahalar da mu, domin yana shiga burodi da gurasar da suke kira piadina da wasu kayan maƙulashe, abubuwan da mutum ba zai taɓa zargi ba. Har salame na dinya da ake yi a garin Mortara, wanda ake danganta asalinsa da Yahudawan yankin da ba sa cin alade, sanannen nau'insa na yau da alade ake gauraya shi. Abin da zan yaba musu shi ne ba sa ɓoyewa. Doka ta tilasta a rubuta komai a bayan kaya, kuma in ka tambayi mai shago zai faɗa maka gaskiya ko da zai rasa ciniki.

Mu dai mahautanmu su ne 'yan Maroko da Masar da Pakistan, shagunansu suna nan da yawa a unguwar Carmine da wajen tashar jirgin ƙasa. Ɗanyen namansu ba laifi. Amma salami na halal da suke sayarwa, na talotalo ko kaza, mafi yawansa bai yi mini ba: ruwan hoda ne mai santsi, sitaci da ruwa sun fi naman yawa, yara ne suke son sa a burodi. Na Turkawa ya fi, musamman sucuk mai tafarnuwa da pastirma, wadda ake lulluɓewa da kwaɓin hulba da tafarnuwa da jan barkono. Pastirma ce na ga ta fi kusa da tunaninmu, don ita ma riga ake sa wa nama kamar yadda kuke tsoma shi a labu. Makwabtana 'yan Maroko kuma bayan Babbar Salla sukan yanka naman layya zirin-zirin, su sa gishiri da kayan yaji su shanya a igiya, suna ce masa gaddid. Wasu 'yan uwanmu Hausawan zangon Ghana suna aiki a masana'antun nama na wajen Modena, inda yawancin aikin na alade ne, kuma abin yana damun su ƙwarai. Mutum ya bar gida don neman halal, takardar zama ta ɗaure shi da aikin da ransa ba ya so. Ina yi musu addu'ar Allah ya kawo musu canji.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubuta wannan doguwar wasiƙa. Mafi yawan naman da ake bresaola da shi ba na Italiya ba ne. Daga waje ake shigo da shi, babban kaso daga Barazil, a daskare, kuma shanun masu tozo ne, dangin bunaji da bokolon da ake kora zuwa kasuwar Wudil. Masu sana'ar ba sa musun haka, suna cewa saniya mai tozo tsokarta ba ta da kitse a ciki, ita ta fi dacewa da aikin. Doka ta yarda, saboda hatimin kariyar suna iri biyu ne a nan. Akwai DOP, irin na Parma, wanda dole dabbar ma ta fito daga yankunan da aka ƙayyade a cikin ƙasar. Akwai IGP, irin wanda bresaola ta samu a 1996, wanda sharaɗinsa a yi aikin a yankin, bisa ƙa'idar da aka rubuta. Ashe ke nan abin da mutanen Valtellina suke sayar wa duniya hannunsu ne da iskar kwarinsu da sunansu. Saniyar ta wani ce, ta ƙetaro teku.

Mu muna da saniyar, muna da hannun, muna da ranar, sunan ne muka bari a titi. Kilishi yana fita daga Kano ya je Legas, ya je Abuja, a juye shi a leda mai hoto, a manna sunan wani kamfani, wanda ya kwana yana feɗe tsoka ba a san da shi ba. Wani kuma ya yi nasa da naman da bai kamata ba, ya cika kala, ya sayar da sunan kilishin Kano, babu mai ikon ce masa don me. 'Yan uwanmu na Nijar sun riga mu farkawa. Sun yi wa kilishinsu rajista a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar suna da fasaha ta wasu ƙasashen Afirka da ke Yawunde, tare da albasar Galmi, kuma suna bambanta ja da fari da rumuzu. Ban ga abin da zai hana mahautan Kano su zauna ƙarƙashin Sarkin Fawa su rubuta nasu ba: wace tsoka, wane labu, shanya ta kwana nawa, wa zai duba, wane hatimi. Mutanen Parma da mutum 23 suka fara.

Akwai kuma abin da ba sai an jira kowa ba. Ku gafarce ni, Kawu, ɗa ba ya koya wa uba sana'a, amma kun ce in faɗi abin da na gani. Ƙuda da ƙura su ne suke kashe mana kasuwa a idon baƙo. Gadon shanya da aka ɗaga daga ƙasa aka rufe da ragar sauro ba zai ci kuɗi mai yawa ba, rana kuma za ta ratsa. Takardar siminti da tsohuwar jarida su ma ya kamata a bar su, tawada tana fita a jikin mai. Ƙaramin sikeli na lantarki yana kawar da gardama, yana kuma nuna wa mai rumfa ko riba yake ci ko uwar kuɗi. Sai 'yar takarda a manna mai sunanku da ranar da aka gasa da abin da ke ciki, musamman gyaɗa, don a nan akwai mutanen da gyaɗa take kwantarwa asibiti, kuma ba za su taɓa abin da ba a rubuta ba.

Ba komai nasu nake so mu ɗauka ba. Yawancin salumi na masana'anta ana sa musu sinadarin naitirait, za ka ga an rubuta E250 a baya, shi ke riƙe jan launi ya kuma kashe ƙwayar cuta mai haɗari. A 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji, ta ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin 100. Su Italiyawa ɗan kaɗan suke ci, falle uku huɗu kafin abinci, amma kusan kullum ne. Kilishin da aka yi da rana da gishiri da yaji ba ya buƙatar wannan hoda, kada wani ɗan talla ya zo ya ce muku ita ce ci gaba. Haka nan cinikinsu, duk tsaftarsa, ba shi da rai. A rumfarku mutum zai zauna a benci, a yago masa ya ɗanɗana, a tambayi iyalinsa, in kuɗinsa bai kai ba a ce ya kawo gobe. A ƙananan salumeria na tsofaffin unguwanni ana ɗan samun haka, mai shago ya san kowa da sunansa, ya miƙa wa yaro falle a kan wuƙa, amma manyan kantuna suna cinye su ɗaya bayan ɗaya.

Game da ƙunshin da kuka ce za ku ba Alhajin da zai taho bayan Salla, don Allah kada ku ba shi. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara daga ƙasashenmu a cikin kayansa, busasshe ne ko gasasshe, komai ƙanƙantarsa. Tsoron cututtukan dabbobi suke yi, irin cutar baki da kofato da makiyaya ke kira boru. In aka gani a filin jirgi za a ƙwace a ƙona, ana iya cin sa tara, ga jinkiri da tambayoyi ga dattijon da bai ji ba bai gani ba. Wannan dalilin ne ma ya sa ko kamfani ba zai iya shigo da kilishin Najeriya nan ba a yanzu, sai ƙasa ta shiga jerin waɗanda aka amince da lafiyar dabbobinsu da mayankarsu, Barazil tana ciki, mu ba ma ciki.

Saboda haka wasu daga cikinmu suka fara yi a nan. Muna sayen tsokar cinya wurin mahaucin halal, mu sa ta ɗan daskare don ta yanku, mu busar a tandar girki da wuta ƙasa-ƙasa an ɗan buɗe murfi, tunda babu rana. Bushewar tana yi. Labun ne yake ba mu kashi, don man gyaɗar kwalba da ake samu a nan da mansa yake, yana sa naman ya yi danƙo ya ƙi ƙamewa. Ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari da masoro da kimba ba nama ba ne, amma zan fara tambaya a nan in tabbatar babu abin da zai hana Alhaji shigowa da su kafin ku ɗora masa.

Abin da nake roƙo shi ne ku sa babban yaronku ya zauna da ku ran da za ku yi aiki, ya auna tsokar tana ɗanya, ya sake aunawa bayan shanyar farko, ya auna bayan an tsoma an gasa, ya rubuta. Ya kuma rubuta mini awon labun, tunkuza nawa, ruwa nawa, albasa nawa ga kilo ɗaya na nama, ko da da gwangwani kuke aunawa, ni zan mayar da shi giram. Ya turo mini ta WhatsApp tare da hoton kaurin labun a jikin hannu. Akwai wani mahauci ɗan Masar a unguwarmu da yake da lasisi da ɗakin sanyi, ya ɗanɗana wanda muka yi, ya ce in muka daidaita awo zai ba mu gefe guda a cikin gilashinsa mu gwada, ni kuma na ce masa sai da izininku. A gaishe mini da su Inna da duk mutanen gida.